Alhajin Kwana Arba'in

A Wurno, in ka tambayi tsofaffi labarin Alhaji Shittu, sai su ce maka wanne daga ciki. In ka ce Alhajin kwana arba'in, nan take za su gane, wasu har da murmushi. Ni ba na wannan murmushi, kuma in an yi shi a gabana raina ɓaci yake yi, domin da hannuna na rubuta tikitin da ya kai mutumin nan Makka. Sunana Abdulƙadiri, haifaffen Wurno ne ni, na yi shekara goma sha tara ina akawu a kamfanin jirgin sama, tun zamanin Turawa. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani kuma shi Shittu ya gaya mini bayan mun saba.

Shittu mutumin Giyawa ne, cikin ƙasar Goronyo. Yana ɗan shekara bakwai ubansa Mainasara ya rataya jaka ya nufi gabas, zai sauke farali. A lokacin aikin hajji da ƙafa ake zuwa. Mutum ya bi ta Borno, ya ratsa ƙasashen da bai san harshensu ba, in guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi wa wani noma damina ɗaya ko biyu, sannan ya ƙara gaba. Wanda ya dawo cikin shekara biyar ana cewa ya yi sauri. Mainasara ya ce wa matarsa Turai ta jira shi shekara uku, ya tafi ya bar ta da igiyar aurensa.

Shekara goma sha tara Turai ta yi tana jira. Ita ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. Dangi sun yi sun yi ta je gaban alƙali a raba auren, ta ƙi, ta ce ai cewa ya yi ta jira. Duk baƙon da aka ce daga gabas ya fito, sai ta dama fura ta aika masa, ta sa a tambaye shi ko ya ga wani dogon mutum mai tabo a gira. Babu wanda ya taɓa ganinsa. A haka ta tsufa tun shekarunta ba su kai ba, a haka ta rasu, kuma Shittu da kansa ya haƙa kabarinta.

Ba Turai kaɗai aka yi wa haka ba a wannan yanki, shi ya sa mutane suka yi wa kansu al'ada. Mai niyyar hajji sai ya tara dattawa, ya raba abin da ya mallaka tun yana raye, ya nemi gafarar kowa, ya kuma sallami matarsa don kada ya bar ta a rataye. Ba mugunta ba ce, tausayi ne. Shittu ya tashi yana ganin wannan shi ne mutunci, kuma ya riƙe shi fiye da kowa a Giyawa.

Haɗuwarsa ta farko da jirgin sama ba ta yi daɗi ba. Lokacin babban yaƙin Turawa aka ce kowane ƙauye ya ba da majiya ƙarfi don share filin jirgi a Sakkwato, sunansa ya faɗo a ciki. Wata uku ya yi yana tone kututture da sassabe ƙaya. Ana cikin aikin wani jirgin soja ya zo sauka, ya karkace, ya kama da wuta a gabansu. Su aka sa suka kwashe abin da ya rage. Ya ce mini ya daɗe ba ya iya cin gasasshen nama bayan wannan rana.

Da ya koma gida ya rungumi noman albasa a fadama, Allah kuma ya sa masa albarka. A kasuwar Rabah, wurin sayar da albasar, ya ga Atika tana taya uwarta sayar da daddawa. Ita ta fara tsokanarsa, ta ce warin kayansa na korar mata masu saye. Ya ce mai daddawa ba ta da bakin zancen wari. Aka yi dariya, kafin shekara ta zagayo aka ɗaura aure. Shekara goma sha huɗu suka yi tare. Ta haihu sau biyu, duk ba wanda ya kai yaye. Mutanen Giyawa sun ce ba su taɓa jin muryarsu ta haura danga ba sai in dariya suke yi, ita ce mai baki, shi ne mai saurare.

Yanzu bari in sako kaina da kamfaninmu, tun da mu ne muka shiga rayuwar mutumin nan ba sallama.

Da na fara aiki, jiragen na wani babban kamfani ne na Ingila, kuma abin da suke ɗauka wasiƙu ne da manyan Turawan mulki. Baƙar fata sai dai ya ɗauki akwati. Bayan yaƙi aka kafa kamfani na nan yankin, wanda ƙasashe huɗu da Ingila ke mulka suka haɗa hannu suka mallaka, ko da yake hannun mutanen Landan na bisa kai. Muka fara da ƙananan jirage masu kujeru da ba su kai goma ba. Sannu a hankali aka kawo manya, aka buɗe ofisoshi, aka ƙara garuruwan sauka. To, jirgi babba ba ya son kujera babu kowa. Sai manyanmu suka lura cewa a Arewa akwai dubban mutane da ke da wuri guda a duniya da suke son zuwa, kuma a shirye suke su sayar da shanunsu don su je. Haka aka shiga jigilar alhazai daga Kano, haka kuma aka aiko ni gida, tun da ni ɗan ƙasa ne, in zaga Wurno da Rabah da Goronyo in nemo masu niyya.

A shekarar 1956 ne, ana dab da faɗuwar damina. Na tsaya a kasuwar Goronyo da wandon kaki da hoton jirgi a hannu, ina ta zuba kamar mai tallar magani. Yau ka tashi Kano, gobe kana Jidda. Zuwa da dawowa, kwana arba'in. Jama'a suna kallona suna girgiza kai. Da aka watse sai wani dogon mutum mai sanyin murya ya matso, ya ce shi yana da niyya, albasa ta yi kyau shekara uku a jere, kuma yana da shanun da zai sayar. Na maimaita masa kwana arba'in ɗin, ya gyaɗa kai. Na ɗauka ya yarda. Na tambaye shi sunansa da na ubansa da garinsu da shekarunsa, duk abin da takardar ke nema. Takardar ba ta tambaya ko yana da mata ba, ni ma ban tambaya ba. Murna nake na cika kujera.

Ashe gyaɗa kan nan na ladabi ne kawai. A Giyawa akwai wani tsoho da kowa ke kira Alhaji, shi kaɗai ne a garin ya je da ƙafa ya dawo, kuma shekara tara ya yi. Shittu ya kai masa maganata, tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce shi da ya taka hanyar da tafin ƙafarsa ya san tsawonta, babu abin da zai naɗe ta cikin yini ɗaya. Jirgin zai kai su ƙasar Sudan ne ya zubar, su kama noman auduga kamar kowa, in ma bai faɗo da su ba. Akawun Nasara kuwa, in ji shi, don albashinsa zai iya cewa Makka na nan kusa, bayan ƙauyen Shinaka. Tsakanin tsohon da ya je ya dawo da wani mai wandon kaki, wa kuke zaton Shittu zai gaskata? Ga kuma jirgin da ya gani yana ci da wuta. Ya yanke a ransa cewa tafiyar ko ta shekaru ce ko ta har abada, kuma duk da haka zai je, don yana fatan ko kabarin ubansa ya gano.

Ruwan farko ya sauka, ya shuka gero a gonarsa ta tudu kamar yadda ya saba. Bayan kwana biyu ya tara dattawa da liman a zaurensa bayan sallar la'asar. Ya ba ƙanensa Maccido gonar tudu da fadamar albasa da shanu biyun da suka rage, kyauta, a gaban shaidu. Ya rabar da jakinsa da garmarsa. Sannan aka zo kan maganar Atika, wadda ke tsaye bayan zana tana ji.

Liman ya ce masa saki ɗaya ya wadatar. In ta gama idda ta sami 'yancinta, in kuma Allah ya maido shi tana nan ba ta yi aure ba, sai a sake ɗaurawa. Kafin Shittu ya amsa, Atika ta yi wa mijinta magana daga bayan zanar.

"Malam, ka yi ɗaya, ko kak ka yi ko ɗaya, duk ɗai na gare ni. Ni ina nan ina jiranka."

Shittu ya sunkuyar da kai. Ya san matarsa. In ya bar ƙofa a buɗe ko da ta kai faɗin yatsa, za ta zauna bakinta har furfura, ta kori duk mai neman aurenta, ta riƙa dama fura tana aika wa baƙin gabas.

Ya ce, "Abin da nika tsoro ke nan. Na ga mai jira, Atika. Ni nig gina kabarinta."

Liman ya ɗaga hannu zai tare shi, amma ya riga ya furta. Saki uku, a fili, kowa ya ji. Duk wanda ke zauren ya san abin da hakan ke nufi: ba sauran kome tsakaninsu, sai in ta auri wani, auren gaske, shi ma ya rabu da ita don kansa ko ya mutu. Ya toshe ƙofar ne don kada ta sami abin jira. Ba a ji kukanta ba. Da safe ta ɗaure kayanta, aka raka ta Rabah gidan ubanta.

Na sake ganinsa a Kano, a sansanin alhazai, an yi masa allura an ba shi fasfo. Kowa na hayaniya, shi yana zaune shiru da farin yadi naɗe a hammata, likkafaninsa ne. Na ɗauka natsuwar ibada ce. Daga baya ya ce mini da jirgin ya tashi bai rufe ido ba, ya manna goshi a taga yana kallon rairayi a ƙasa, yana tunanin a wane wuri cikin wannan fili ubansa ya kwanta. Suka sauka sau ɗaya aka sha mai, ya tattara kayansa yana jiran a ce su fita su nemi aikin auduga, sai aka ce su koma kujerunsu. Kashegari yana Jidda.

Ya yi aikin hajjinsa cikakke, ya je Madina. Ya bi unguwannin Hausawan da suka zauna can yana tambayar dogon mutum mai tabo a gira, bai sami wanda ya san shi ba. Yana shirin neman aikin ɗiban ruwa don ya riƙe kansa, sai aka zo ana kiran sunaye, aka ce jirgin komawa ya iso. Ya ce a nan ne ya gane abin da ya yi wa kansa. Duk tsawon dawowar bai sa komai a bakinsa ba.

Ni na tarbe su a Kano. Ya kama wuyan hannuna ya matse, ya ce, "Malam akawu, ashe gaskiya kaf faɗi."

Na yi dariya, ina jin kaina, na ce ai kamfaninmu ba ya ƙarya. Bai yi dariya ba. Har yau in na tuna wannan dariya tawa kunya nake ji.

Kwana arba'in da uku da barinsa Giyawa ya sauka daga mota ya shigo garin. Geron da ya shuka da hannunsa ko kai bai gama fiddawa ba. Maimakon tarba sai aka yi cirko-cirko ana kallonsa. Tsoho Alhaji ya ce babu mai zuwa Makka ya dawo gero bai nuna ba, a Kano ya zauna ya sayo dabino. Shittu ya nuna ruwan Zamzam da hatimin da ke fasfonsa, wasu suka yarda, wasu suka taɓe baki. Nan sunan ya samo asali, kuma ba don yabo aka raɗa shi ba. Shi duk wannan bai dame shi ba. Ko kwana bai yi ba ya kama hanyar Rabah da ƙafa.

Atika na cikin idda. Ubanta ya zaunar da shi a zaure, ya yi masa barka da sauka da muryar ta'aziyya. Ba ta fito ba, ta tsaya daga cikin gida inda zai ji ta. Ita ta fara magana.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Uwakka shekara goma sha tara tay yi, ba wanda yah hana ta. Ni kwana arba'in kaɗai anka nema gare ni, shi ma ba ka bar ni na yi ba."

Abin da ta faɗa ke nan, ta koma ɗaki. Ya ajiye mata tasbaha da turaren da ya sayo, ya fito.

Masu dabara ba su rasu ba. Aka yi ta zuwa masa da raɗa cewa a nemo wani a ɗaura masa aure da ita na 'yan kwanaki, ya sake ta, shi ke nan ta halatta. Shittu ya je wurin liman, liman ya ce wannan wasa ne da shari'a, Allah ya tsine wa mai yi da wanda aka yi dominsa. Mutumin da bai yi wata biyu da taɓa Ka'aba ba, ina zai iya? Da aka kai wa Atika zancen ita ma ta ce ba za a mai da ita tabarmar aro ba. Ta zauna shekara guda ba ta saurari kowa ba. Daga nan ta auri wani maƙeri a Rabah, mutumin kirki, ya girme ta nesa ba kusa ba. Wasu marasa kunya suka ce wa Shittu ya yi haƙuri, tsohon ba zai daɗe ba. Ya kore su, ya ce shi ba zai zauna yana jiran mutuwar Musulmi ba. Maƙerin kuwa Allah ya ba shi lafiya, kuma cikin shekara ta biyu Atika ta haifa masa ɗiya, aka sa mata Hauwa'u, ta rayu.

Maganar gona kuma, kada a zargi Maccido fiye da kima. Ya yi wa yayansa tayin rabin fadamar. Amma ya faɗa ne sau ɗaya, a hankali, yana kallon ƙasa, bai kuma maimaita ba. Shittu ya ce kyautar da aka yi gaban shaidu ba ya waiwayarta. Gaskiyar magana ita ce ba ya iya kwana a gidan da babu Atika. Ya bar Giyawa ya dawo Wurno, ya kama dakon buhunan albasa a tasha, mutumin da a da shi ake yi wa dakon. Bai ƙara aure ba.

A nan muka saba, don an mai da ni ofishin Sakkwato, ina yawan zuwa gida. A nan kuma na ji dukan abin da ya faru, wanda da na yi tambaya ɗaya a kasuwar Goronyo da bai faru ba. Na nemi gafararsa, ya ce ai ni gaskiya na faɗa. Ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi: duk shekara in motar maniyyata za ta tashi daga Wurno, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, tun makonni kafin tafiya in ya sami hali, yana ce wa kowane namiji kada ya saki matarsa, kwana arba'in ne. Da farko ana saurarensa, kuma na san gidaje biyu a ƙauyen Marnona da maganarsa ta tsare. Daga baya kowa ya san kwana arba'in ne, al'adar ta mutu da kanta, shi kuwa bai daina ba. Sai aka fara yi masa kallon wanda kansa ya taɓu.

Kamfaninmu ya ci gaba da girma. Sauran ƙasashen suka fara janye hannunsu, kowa na son nasa, har a 1958 aka sake fenti a jikin jiragen, aka sake hatimin ofis, aka ce yanzu kamfanin na ƙasarmu ne, ko da yake har a lokacin Turawa na da kasonsu. Ni dai wandon kakina bai canza ba. Na zo Wurno ina ta ɗoki, na tarar da Shittu ya sauke buhu yana share gumi, na ce masa albishirinsa, jirgin ya zama namu, har da shi cikin masu shi. Ya dube ni ya tambaye ni wane ɓangaren ne nasa, ko zai iya shuka gero a ciki.

A 1960, watanni kaɗan kafin Turawa su miƙa mulki, na rubuta tikiti biyu na wasu mutanen Rabah. Na ga sunan macen, na gane, ban gaya wa kowa ba. Na yi fatan motarsu ba za ta bi ta Wurno ba, sai ga shi ta tsaya ɗaukar mutum huɗu, da hantsi, tasha cike. Ina tsaye da takarduna lokacin da Shittu ya fara zagayensa. Ya isa wurin wani dattijo mai tabon wuta a hannuwa, wanda bai taɓa gani ido da ido ba, ya gaishe shi, ya ce masa abin da yake ce wa kowa.

"Baba, in kana da mata, kak ka sake ta. Kwana arba'in na, ka dawo ka iske ta."

Dattijon ya yi murmushi, ya nuna cikin motar da haɓa. "Mi za ya sa in sake ta, Alhaji? Ga ta nan. Tare za mu."

Shittu ya ɗaga kai. Atika na zaune a layin mata da farin mayafi, ƙaramar jaka bisa cinyarta. Ta dube shi sau ɗaya, ta sauke ido. Akwatinsu na ƙasa, an sauke shi don a gyara lodi, shi ya sunkuya ya ɗauka, ya miƙa saman motar, ya ɗaure shi da igiya, ya ja ya tabbatar ya ɗauru. Motar ta tashi.

Ya daɗe a tsaye yana kallon hanya. Sannan ya juyo wurina, ba da fushi ba, kamar mai tambayar ranar kasuwa.

"Malam akawu, shekaran nan da nit tahi, ana ɗaukar mata?"

Na so in yi masa ƙarya. A jirgin da ya kai shi akwai mata goma sha ɗaya, an zaunar da su can baya inda bai waiwaya ba, kuma shanu biyun da ya bar wa Maccido da fadamar sun isa kujera ta biyu har da saura. Na ce masa ana ɗauka.

Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ya yi mini a kasuwar Goronyo. Wani ya kira shi daga wajen buhuna, ya tafi ya ɗauka. Ya yi shekara shida bayan wannan yana dako a tashar kafin ya rasu, amma daga ranar bai sake zuwa wurin motar maniyyata ba.